Ku Zaɓi Ɗaya, Ku Zauna a Kai: Nasiha ga Matasan Sakkwato Masu Son Koyon Linux

Ƙannena maza da mata, ku da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da ku da ke koyon sana'a a shagunan gyaran waya da na buga takardu a cikin gari, na san yawancin kwamfutocin da kuke aiki da su na hannu ne. Sun yi shekaru suna aiki a ofisoshin Turai ko Amurka kafin 'yan kasuwa su kawo mana su. HP ce ko Dell ko Lenovo, jikinta da ƙwari, sai dai an kwana biyu.

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Ita kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗa. Tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma galibi ba ta karɓar injin Intel da ya girmi zubi na takwas. Wato kwamfutoci da dama a garin nan an sallame su alhali lafiyarsu ƙalau. Mai irin wannan kwamfuta ko dai ya ci gaba da tsohuwar manhaja ƙofa a buɗe, ko ya kai wa mai gyara ya ɗora masa ta sata da ba a san abin da aka cusa a cikinta ba, ko kuma ya koma ga buɗaɗɗiyar manhaja, wadda aka halatta wa kowa ya kwafa, ya bincika cikinta, ya gyara, ya raba wa wanda ya ga dama. A kan wannan hanya ta uku nake so mu yi magana, kuma nasihata a dunƙule ita ce: ku zaɓi nau'i ɗaya mai sauƙi, ku zauna a kansa har ku san shi ciki da waje.

Daga ina abin ya taso?

A 1983 wani masanin kwamfuta a Amurka, Richard Stallman, ya shelanta aikin da ya kira GNU, da nufin samar da babbar manhajar sarrafa kwamfuta wadda babu mai ikon kulle ta. Shi da abokan aikinsa sun haɗa kayan aiki da yawa, suka kuma rubuta lasisin GPL, wanda ya ce duk wanda ya gyara manhajar ya raba wa jama'a, to dole ya bar musu 'yancin da shi ma ya samu. Abin da ya rage musu shi ne zuciyar manhajar, wato sashen da ke magana kai tsaye da ƙarfen kwamfuta. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta wannan sashe, ya saki aikinsa ga duniya. Shi ne Linux.

Kada ku ɗauka wani baƙon abu ne. Wayar Tecno ko Infinix ko Samsung da ke aljihunku tana aiki da Android, kuma a kan zuciyar Linux aka gina Android. Tun daga ƙarshen 2017, duka kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da Linux suke aiki. Haka kaso mai yawa na manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet. Kun daɗe kuna cin moriyarsa, yanzu ne kawai za ku gaisa da shi ido da ido.

Da yake kowa na da ikon ɗauka ya sarrafa, sai nau'o'i suka yi yawa har ɗaruruwa. Akwai Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993. Akwai Fedora, mai alaƙa da kamfanin Red Hat. Akwai Ubuntu, wanda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya fitar a 2004 a kan tushen Debian. Akwai Linux Mint, wanda Clément Lefebvre ya fara a 2006, aka gina shi a kan Ubuntu. Wannan yawa shi ne abin da ke fara ruɗa sabon shiga.

Wanne za a ɗauka?

Ɗan Sakkwato bai kamata ya ruɗe a nan ba, domin ya san tsarin karatun zaure. Ba a miƙa wa yaro Mukhtasar ranar da ya fara zama gaban malam. Da Ahlari ake farawa, a gyara tsarki da salla, a wuce Ishmawi, a shiga Iziyya, a kai Risala, ana tafiya ana ƙara zurfi. Kuma ba a barin littafi a tsakiya don an ji wani ya fi shi suna. Wanda ya sauke ƙaramin littafi da fahimta ya fi wanda ya leƙa manya biyar bai riƙe ko babi ɗaya ba. Da wannan tarbiyya za ku tunkari Linux.

Shawarata ga mai farawa ita ce Linux Mint. Fuskarsa ta yi kama da abin da kuka saba gani: jerin manhajoji a kusurwar hagu ta ƙasa, agogo a dama, foldoji a inda ido ke tsammaninsu. Yana zuwa da Firefox na shiga intanet da LibreOffice na rubutu da lissafi. In kwamfutarku na da RAM mai gigabait 8, ku ɗauki zubin Cinnamon. In gigabait 4 ne, zubin Xfce ya fi mata sauƙi, ba zai riƙa sa fankarta gurnani ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Wanda ya fi son Ubuntu, babu laifi, amma ya ɗauki zubin da ke ɗauke da alamar LTS. Irinsa duk shekara biyu yake fitowa a watan Afrilu, kuma ana kula da shi shekara biyar. Wanda ya fito a 2024, misali, yana da kulawa har 2029, haka ma Mint 22 da aka gina a kansa.

Tsawon kulawar nan ku riƙe shi a matsayin ma'auni. A shekarun 2000 an taɓa fitar da wani nau'i a nan Nijeriya mai suna Wazobia Linux, da Hausa da Yarbanci da Ibo. Niyya ce mai kyau, amma bai ɗore ba. Manhaja tana rayuwa ne da masu yi mata hidima kullum. Kafin ku ɗauki kowane nau'i, ku tambaya: shekara nawa ya yi, su wa ke kula da shi, kuma in na maƙale akwai wanda ya san shi kusa da ni? In abokan karatunku uku suna kan Ubuntu, to Ubuntu ya fi muku, ko da an ce wani ya fi shi kyau.

Akwai guda biyu da nake roƙonku ku dakata da su. Na farko Arch, wanda mutum ke harhaɗa kusan komai da hannunsa. Makaranta ce mai kyau, amma ba ajin farko ba. Na biyu Kali. Na san yadda sunansa ke ɗaukar hankalin samari, saboda an ce da shi ake kutse. Kali akwatin kayan aiki ne na ƙwararrun masu gwajin tsaro, ya fito a 2013, kuma masu yin sa da kansu ba sa ba sabon shiga shawarar ya mai da shi manhajar yau da kullum. Ɗora shi ba ya mai da kowa gwani. Sannan ku sani, shiga na'urar wani ko asusunsa ba da izini ba laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, kafin ma a zo ga haƙƙin da mutum zai ɗauka a wuyansa. Mai son aikin tsaron intanet da gaske, hanyarsa ta bi ta sanin Linux na yau da kullum da sanin yadda na'urori ke magana da juna.

Gani ya kori ji

Wani alherin Linux shi ne ana iya ɗanɗana shi ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba. Ku samu filash mai gigabait 8 wanda babu komai a ciki. Ku sauke fayil ɗin manhajar daga shafin masu ita, ba daga wani gefe ba. Na Mint ya kusa gigabait 3, na Ubuntu ya kai ninki biyu na haka, saboda haka ku jira datar dare, ko ku yi karo-karo. Mutum ɗaya ya sauke, goma su ɗora. Lasisin ya yarda, babu sata a ciki. Da ƙaramar manhaja irin su Rufus ko balenaEtcher ake rubuta fayil ɗin a kan filash. Daga nan sai a kashe kwamfuta, a soka filash, a kunna ana danna F9 in HP ce, ko F12 in Dell ce ko yawancin Lenovo, a zaɓi tashi daga filash.

Linux zai buɗe gaba ɗayansa, alhali Windows na kwance a wurinta. A nan za ku yi bincike irin na mai sayen dabba. Wi-Fi ya kama? Sauti na fita? Kyamara na gani? Hasken allo na ƙaruwa yana raguwa? Firintar shagonku ta amsa? In Wi-Fi ya ƙi, kada ku karaya. Wasu tsofaffin kwamfutoci na ɗauke da katin Broadcom mai buƙatar direba na musamman. Ku haɗa waya da kebul, ku ba kwamfutar intanet daga wayar, sannan ku buɗe Driver Manager a Mint, galibi zai nemo abin da ya dace.

In kun gamsu za ku girka, ga sharaɗin da babu sassauci a cikinsa: ku kwashe duk abin da kuke jin zafin rasawa zuwa wani wuri dabam tukuna. Furojet, hotunan biki, takardun shaida, lissafin shago, komai. A lokacin girkawa za a tambaye ku ko a goge faifan gaba ɗaya ko a zauna tare da Windows. Ku karanta wannan shafi sau biyu kafin ku danna, domin abin da aka goge a nan dawo da shi sai an sha wuya, in ma ya dawo. Mai farawa ya fi dacewa ya bar su biyun, duk lokacin da ya kunna ya zaɓi wadda zai shiga. Kuma kada ku fara sai batir ya cika, ko kuna da tabbacin janareta ko sola. Ɗauke wuta ana tsakiyar raba faifai ba abin wasa ba ne.

Wanda kwamfutar ba tasa ba ce, ya yi amfani da VirtualBox, ya gudanar da Linux a cikin taga ba tare da ya taɓa kayan mai ita ba. Wanda ba shi da kwamfuta sam, ya ɗora Termux a wayarsa ta Android. Zai koyi umarnin farko da yatsunsa kafin Allah ya hore masa.

Yadda ake koyo

Ba a koyon Linux da kallon bidiyo kawai. Ku mai da shi wurin aikinku na gaskiya. A makonnin farko ku manta da baƙar tagar nan ta umarni. Ku rubuta aikin aji, ku saurari karatu, ku tura saƙo, ku shirya foldojinku. Ku saba da cewa a nan babu C: babu D:, komai daga tushe ɗaya yake rassa, kuma kayanku na zaune a foldar da ake kira home. Ku saba da cewa ba a yawo a intanet ana tsinto manhaja. Akwai rumbu tantacce, ta Software Manager ake shiga a ɗauko VLC ko GIMP ko duk abin da ake so. Ku kunna Timeshift, wanda ke adana hoton tsarin kwamfutar, don in kun yi ɓarna ku koma jiya.

In hannu ya faɗa, sai ku buɗe Terminal, wato baƙar tagar nan ta umarni. Kada yawan umarni ya tsorata ku, 'yan kaɗan ne ake juyawa kullum. Da pwd za ku san inda kuke, da ls ku ga abin da ke wurin, da cd ku shiga wata folda, da cp ku kwafa, da mv ku matsar ko ku sauya suna. In kun rubuta man kafin sunan umarni, galibi littafin bayaninsa zai buɗe, ko da babu data a waya. Da sudo apt update ake jin labarin sababbin gyare-gyare, da sudo apt upgrade ake ɗora su. Ku riƙa koyon umarni ɗaya ko biyu a rana, kuna rubutawa a littafi da biro, da Hausarku, yadda kuka fahimta.

Akwai halayen wannan taga da ya kamata ku sani tun da wuri. In ta nemi kalmar sirri kuna bugawa ba ku ga komai ba, ba lalacewa ta yi ba, ɓoyewa take yi. In umarni ya yi nasara, sau da yawa shiru za ku ji. Babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurinta: Aiki dabam, aiki dabam. Umarnin rm kuwa ba ya ajiye abin da ya goge a kwandon shara. Shi kuma sudo mabuɗin gidan ne gaba ɗaya. Duk umarnin da aka sa shi a gaba, babu ɗakin da ba zai shiga ba. Don haka kada ku taɓa kwafo umarnin da ba ku gane ba ku liƙa, ko daga aboki ya fito, ko daga bidiyo, ko daga manhajojin nan masu amsa tambaya. Ku tsaya ku tambayi kanku me kowace kalma ke yi.

Babban abin da ke raba wanda zai iya da wanda zai gudu shi ne yadda yake karɓar saƙon kuskure. Da yawa da sun ga rubutu ya cika allo sai su rufe, su ce abin ya lalace, a sake girkawa. Alhali a cikin rubutun nan kwamfutar ta faɗi abin da ke damunta: fayil kaza babu shi, ko ba ka da izini, ko intanet ya yanke. Ku karanta a hankali, da ƙamus in ta kama. A nan ne kuma jarrabawar sauye-sauye ke zuwa. Matsala kaɗan, sai a ce bari in gwada Fedora. Mako biyu, sai a koma wani. Mai yin haka girkawa kawai yake koya, ita kuma aikin rabin awa ce. Ilimin yana cikin matsalar da aka zauna aka warware. Taura biyu ba ta taunuwa. Ku ba nau'in da kuka zaɓa shekara guda cur.

Inda takalmin ke matsewa

Ba zan ɓoye muku ba, akwai abin da za ku rasa. CorelDRAW, wanda shagunan buga katin biki da kalanda suka dogara da shi, ba shi da zubin Linux a yau. Haka Photoshop da AutoCAD da Microsoft Office na kan kwamfuta. Akwai madadinsu, Inkscape na zane, GIMP na hoto, kuma suna aiki sosai, amma sai an sake koyo, kuma fayil ɗin abokin ciniki ba kullum zai buɗe yadda yake ba. Wanda abincinsa ke kan ɗayan waɗannan kada ya rushe sana'arsa don burgewa. Ya riƙe Windows ta halal don aiki, ya koyi Linux a gefe.

Ɗalibi mai rubuta furojet ya lura: LibreOffice na buɗe fayilolin Word yana kuma adana su, amma wani lokaci jeri da teburori kan ɗan goce. In malami ya nemi fayil ɗin Word, ku duba shi a wata kwamfutar kafin ku miƙa. In bugawa za ku kai, ku mai da shi PDF, ba abin da zai motsa. Za ku kuma huta da cutar nan da ke mai da fayilolin filash gajerun hanyoyi bayan an dawo daga shagon buga takardu, domin don Windows aka rubuta ta. Amma kada wannan ya sa ku sakaci. Babu manhajar da ke kare wanda ya miƙa wa ɗan damfara kalmar sirrinsa ko lambar da banki ya turo masa.

A ɓangaren harshe kuwa akwai abin farin ciki. A cikin saitin madannai akwai tsarin Hausa na Nijeriya, mai ba ku ƙ da ɗ da ɓ ba tare da kun sayi komai ba. Akwai na Larabci, kuma LibreOffice na rubutu daga dama zuwa hagu in an kunna masa. A garin da Shehu Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello da Nana Asma'u suka bar tarin rubuce-rubuce, ɗalibin da ke iya haɗa boko da Larabci a shafi ɗaya cikin tsabta yana da aikin yi.

Kada ku yi tafiyar ku kaɗai

Matambayi ba ya ɓata, amma tambaya ma tana da ladabi. Kada ku ce wa wanda ya fi ku sani "kwamfutata ta ƙi yi" ku yi shiru. Ku faɗi nau'in da kuke kai da lambarsa, da samfurin kwamfutar, da abin da kuka yi, da ainihin saƙon da ya fito. Wanda ya tsara tambayarsa haka, sau da yawa kafin ya gama ya ga amsar da kansa.

Ku haɗu ku uku ko biyar, a makaranta ko a unguwa, ku sa rana ɗaya a mako. Wannan ya zo da matsalarsa, wancan ya nuna abin da ya gano. Ƙannena mata, wannan fage naku ne kamar yadda yake na kowa; aiki ne da ake iya koyonsa a ɗaki, a kuma yi shi daga ɗaki. Wanda ya yi shekara yana wannan zama zai iya fuskantar Python ko R na nazarin alƙaluma, ya koyi Git, ya iya kula da kwamfutar da ke riƙe da shafin wata makaranta ko asibiti. Mai son takardar shaida akwai jarrabawar LPIC da ta RHCSA. Ban ce muku Linux zai ba ku aiki gobe ba. Abin da na sani shi ne zai mai da ku masu gane abin da ke faruwa a cikin na'ura, kuma irin waɗannan mutane ba su yi yawa ba a ko'ina.

Sannan ku tuna, abin da kuka samu kyauta wasu ne suka yi masa wahala. Ba sai kun iya rubuta manhaja za ku rama ba. Manhajoji da yawa na jiran masu fassara su zuwa Hausa. Shirin Common Voice na Mozilla na karɓar muryoyin masu jin Hausa, Wikipedia ta Hausa na buƙatar marubuta. Mafi kusa ma, ku taimaki maƙwabcin da ke shirin jefar da tsohuwar kwamfutarsa, ku busa mata ƙurar hunturu, ku ɗora mata Xfce, ku zauna da ƙaninsa ku nuna masa abin da kuka koya.

A wannan makon, ku nemo filash, ku kwashe kayanku wuri mai aminci, ku gwada Mint ba tare da kun girka ba. In ya karɓe ku, ku girka, ku rubuta ranar a littafinku, kada ku sauya sai ta zagayo. Allah Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya sa ku amfanar da na bayanku.